FASHIN BAƘI: Me ya sa gidan harsashin AK-47 ya lanƙwashe, kuma me lamba 30 ke nufi ga mutanen Kano?

A ƙarshen watan Mayun 2013, jami'an tsaro sun gayyaci manema labarai zuwa wani gida a unguwar Bompai, tafiyar 'yan mintuna daga Sabon Gari, suka nuna musu makaman da suka ce sun tono daga wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa. Kanun labarai na washegari sun karkata ga rokoki da gurneti da nakiyoyin fasa tankar yaƙi. A tsakiyar jerin kuwa akwai wasu lambobi uku da ba su ja hankali ba: bindigogi ƙirar AK-47 guda 17, gidajen harsashi 44, da harsasai sama da 11,000.

Idan aka ɗauka cewa dukkan gidajen nan irin na AK-47 ne da aka saba gani, masu cin harsashi 30 kowanne, to gidaje 44 na nufin harbi 1,320 a shirye, ba tare da kowa ya zauna yana ɗura harsashi ɗaya bayan ɗaya ba. Harsasan da aka samu kuma sun isa a cika gidajen gaba ɗaya har sau takwas, da saura. Yawan bindigogi yana nuna mutum nawa za su iya yin harbi a lokaci guda. Yawan gidajen harsashi shi ke nuna tsawon lokacin da za su ɗauka suna harbin kafin su dakata.

Kusan kowane mako rundunar 'yan sanda ko ta soja na fitar da sanarwa mai ɗauke da irin waɗannan lambobi, mu kuma mu karanta mu wuce. Wanda ya san dalilin siffar wannan ɗan akwati da dalilin adadin da yake ci, zai karanta sanarwar da wani ido, kuma zai san tambayar da ya kamata ya yi wa hukuma.

Sunan da ya rikice

Turawa na kiransa "magazine", kalmar da ta samo asali daga Larabci, makhazin, jam'in makhzan, wato rumbu ko ma'ajiya. Daga tushen nan ne, ta hanyar Faransanci, Hausar Nijar ta samu kalmar "mangaza". Da yake da wannan kalma ce kuma Turawa ke kiran mujalla, akan ci karo da labarin Hausa da ke cewa an kama ɗan fashi da bindiga ɗaya da "mujallu uku", alamar fassarar na'ura da ba a bi ta kanta ba. Wasu su rubuta "kwanso", wasu "jigida", alhali kowanne abu ne daban.

Kwanso shi ne ɓawon tagulla ko na ƙarfe da ke riƙe albarushi da kan harsashi, wanda bindiga ke tofarwa bayan harbi, shi ne ake tsinta a ƙasa bayan an kai hari. Jigida ita ce doguwar ɗamarar harsasai da ake zura wa manyan bindigogi irin waɗanda ake girkewa a bayan mota. Gidan harsashi kuwa akwati ne da ake maƙala wa bindiga, ana cire shi ana mayarwa. A cikinsa akwai sifirin, da ɗan faranti a kan sifirin ɗin da ke tura harsasai sama, da leɓɓa biyu a baki da ke riƙe na saman har sai ƙarfen bindiga ya zo ya ture shi cikin bututu. Abu ne mai sauƙin ƙira a ido, amma idan babu shi AK-47 ta koma bindiga mai harbi ɗaya.

Daga harbi ɗaya zuwa goma

Kano ta daɗe da sanin bindiga. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya wallafa fassararsa a 1908, ya ambaci shigowar bindigogi daga ƙasar Nupe a zamanin Sarki Kumbari (1731 zuwa 1743), ya kuma nuna cewa Babba Zaki (1768 zuwa 1776) ne ya fara kafa rundunar 'yan bindiga masu tsaron Sarki. Irin bindigar da suka riƙe tana nan a hannun 'yan bindigar da ke gaban Sarki ranar Hawan Sallah, da kuma hannun mafarauta: bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a danna, a harba sau ɗaya, a sake daga farko. Ƙwararren sojan Turai na ƙarni na 18 yakan yi harbi kamar uku a minti ɗaya da irinta.

Maƙeran ƙarni na 19 sun nemi hanyar da bindiga za ta riƙe harsasanta da kanta. Dabarar farko da ta karɓu ita ce bututu na biyu, inda harsasai ke jere kai da gindi. Bindigar Spencer ta 1860 a Amurka tana ɓoye bakwai a cikin ƙotarta, ta Henry ta wannan shekara kuma tana ɗaukar 15 a ƙarƙashin bututu. Faransa ta bi sahu da Lebel a 1886, mai cin takwas, wadda ita ce bindigar soja ta farko da ta yi amfani da albarushi marar hayaƙi. Sai dai tsarin na da illa. A gindin kowane kwanso akwai ɗan maɓallin da ke kunna albarushi idan an soke shi, kuma da aka koma ƙera harsasai masu tsini, tsinin na baya na iya zama daidai kan maɓallin na gaba. Ban da haka, nauyin bindigar na sauyawa yayin da bututun ke ƙarewa.

James Paris Lee, haifaffen Sikotlan da ya tashi a Kanada ya yi aiki a Amurka, shi ne ya yi rajistar mafita a 1879: akwati a ƙarƙashin bindiga, harsasai a kwance ɗaya bisa ɗaya, wanda za a iya cirewa a sa wani. Birtaniya ta karɓi ƙirarsa a 1888 da bindigar Lee-Metford mai cin takwas, sannan Lee-Enfield mai cin goma a 1895. Hafsoshin lokacin ba su amince da sabon abin ba gaba ɗaya. Tsoron kada soja ya ɓarnatar da harsasai ya sa aka sanya wani ɗan ƙyaure da ke toshe bakin akwatin, soja ya riƙa ɗura ɗai-ɗai, goman nan kuma su zama ajiya sai an ba da umarni. A Jamus, kamfanin Mauser ya fito da wata dabarar a 1893: jera harsasai layi biyu a sarƙe, na dama na hawa tsakanin biyu na hagu, ta yadda biyar za su ɓuya a cikin jikin bindiga. Kusan duk gidajen harsashin bindigogin yaƙi na yau da wannan jeri suke aiki.

Lee-Enfield ce sojojin Afirka ta Yamma, cikinsu har da Hausawa da yawa, suka riƙa a yaƙin Bama a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ita ce kuma "Mark 4" da dattawa ke tunawa a kafaɗar 'yan sanda shekaru da dama bayan 'yancin kai. Sojan da ya samu horo yakan yi harbi 15 a minti da ita, yana saiti.

Layin da aka ja a Brussels

Turawan mulkin mallaka sun fahimci ma'anar wannan bambanci tun da wuri. A ranar 2 ga Yulin 1890, manyan ƙasashe suka sa hannu a kan yarjejeniyar Brussels, wadda aka gabatar a matsayin matakin yaƙi da cinikin bayi. A cikinta an taƙaita shigar da makaman zamani wani yanki na Afirka da ya kama daga digiri 20 arewa da tsakiyar duniya zuwa digiri 22 kudu da ita, kuma an ambaci bindigogi masu gidan harsashi a jerin waɗanda ba za a sayar wa jama'a ba. Abin da aka bari a kasuwa shi ne bindigar ƙyastu da albarushin fatauci. Kano, da ke wajen digiri 12, tana tsakiyar wannan yanki.

Shekara goma sha uku bayan haka, a ranar 3 ga Fabrairun 1903, Kanar Morland ya iso ganuwar Kano da sojoji ɗari bakwai da 'yan kai, igwa huɗu da bindigogin Maxim huɗu. Maxim tana cin jigida mai harsashi 250, tana kuma iya zazzage wajen 500 a minti. Akwai wasu dalilan da suka sa birnin ya faɗi a rana ɗaya: Sarki Alu yana Sakkwato tare da mafi yawan mahaya, raunin yaƙin Basasa kuma bai gama warkewa ba. Duk da haka, tazarar da ke tsakanin mai harbi ɗaya da mai harbi ɗari ta bayyana ƙarara a ranar, ta sake bayyana a Kwatarkwashi bayan 'yan makonni, inda Waziri Ahmadu ya rasu.

Sirrin lanƙwasa

Wanda ya taɓa ganin mai kayan miya a 'Yankura yana jera karas zai gane batun nan da sauri. Idan aka kwantar da karas gefe da gefe, kawunan duk suna kallon waje ɗaya, layin ba zai miƙe ba. Ɓangaren kaurin ya fi cin wuri, don haka jerin zai riƙa karkata har ya zama baka.

Haka harsashin AK-47 yake. Sunansa 7.62x39, wato faɗin kan harsashin milimita 7.62, tsawon kwanson milimita 39, kuma Tarayyar Sobiyet ta samar da shi a 1943. Kwansonsa yana da kaurin kusan milimita 11.3 a gindi, ya sirance zuwa kusan 10.1 a kafaɗa. Bambancin bai kai milimita ɗaya da rabi ba, amma idan aka jera talatin sai ya taru ya zama lanƙwasar nan mai kama da ayaba. Da gangan aka sirantar da kwanson, domin abu mai tsukakken kai ya fi saurin shiga rami da saurin fita, ko da ƙura ko tsatsa ko zafi sun taru a wurin. Kaso mai yawa na sunan da AK ta yi na jure wahala daga nan ya fito. Mikhail Kalashnikov, wanda sojan Sobiyet suka karɓi bindigarsa a 1949, ya gina akwatin ne a kan siffar harsashin da aka ba shi.

Harsashin ƙawancen NATO, 7.62x51, kusan miƙaƙƙe ne: bambancin gindinsa da kafaɗarsa bai kai rabin milimita ba. Shi ya sa FN FAL ta Beljiyam da G3 ta Jamus, waɗanda sojojin Najeriya suka daɗe suna riƙewa, suke da gajeren akwati miƙaƙƙe mai cin 20.

Tarihin bindigar Bren ta Birtaniya ya tabbatar da wannan ƙa'ida sau biyu. Asalinta ƙirar Chekoslobakiya ce mai suna ZB 26, mai miƙaƙƙen akwati. Da Birtaniya ta mayar da ita kan harsashinta na .303, wanda gindinsa ke da gefe mai faɗi kamar na malafa, dole akwatin ya lanƙwashe. Da aka sake mayar da ita kan harsashin NATO a shekarun 1950, sai akwatin ya koma kusan miƙaƙƙe. Faransa kuwa ta ɗanɗana kuɗarta a Yaƙin Duniya na Ɗaya da bindigar Chauchat ta 1915: harsashinta ya cika sirancewa har akwatin mai cin 20 ya zama rabin da'ira, ga shi an bar gefensa a buɗe, taɓon ramukan yaƙi na shiga yana cushe shi. A 1974, da Sobiyet ta koma ƙaramin harsashi 5.45x39 a bindigar AK-74, lanƙwasar ta ragu sosai, har ana iya bambanta bindigogin biyu daga nesa.

Me ya sa 30?

Babu wata doka ta halitta da ta tsayar da lamba 30. Sulhu ne tsakanin buƙatu masu karo da juna. Soja yana son harsasai da yawa kafin ya sauya akwati, amma idan akwatin ya yi tsawo, ba zai iya kwanciya rub-da-ciki ya yi saiti ba sai ya ɗaga kansa sama. Idan ya yi nauyi, bindigar za ta gajiyar da hannu. Dogon sifirin kuma yana da wuyar daidaitawa: ya matse da yawa idan akwatin ya cika, ya yi sanyi idan ya kusa ƙarewa.

Jamus ce ta fara nuna wannan daidaito da StG 44 a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, gajeren harsashi da lanƙwasasshen akwati mai cin 30. AK ta bi wannan adadi. Harsashinta ɗaya ya kai kimanin giram 16, wato talatin sun kusa rabin kilo, cikakken akwatin ƙarfe kuma ya doshi kilo ɗaya. Harsashin FAL da G3 ya fi nauyi da kusan rabi, shi ya sa aka tsaya a 20. Bindigar M16 ta Amurka ta fara da 20, ta koma 30 a ƙarshen yaƙin Biyetnam, kuma akwatinta miƙaƙƙe ne daga sama inda yake shiga jikin bindiga, ya ɗan karkata daga ƙasa.

An gwada manyan adadi. Bindigar Lewis tana da faifai a samanta mai cin 47. PPSh-41 ta Sobiyet ta zo da ganga mai cin 71, amma saboda tsadar ƙira da wahalar ɗurawa da yawan cijewa aka koma akwati mai cin 35. RPK, babbar 'yar'uwar AK, tana da akwati mai cin 40 da ganga mai cin 75, kuma dukansu suna shiga AK ta yau da kullum. Kayan ƙira ma sun sauya: daga ƙarfe mai kauri, zuwa mai sauƙi da aka yi wa ƙirji-ƙirji don ƙarfi, zuwa wani irin ƙaro mai launin ruwan goro a shekarun 1960, zuwa roba mai tauri ta yau.

AK-47 tana harbi da saurin kusan 600 a minti idan an sake mata linzami, wato goma a daƙiƙa ɗaya. Akwati mai cin 30 zai ƙare cikin daƙiƙa uku. Littattafan horon sojan Sobiyet sun ƙiyasta abin da soja zai iya yi a zahiri da kusan 100 a minti, saboda sauyin akwati da saiti da zafin bututu. Ko a hakan, mutum ɗaya yana yin abin da sai 'yan bindigar toka fiye da talatin za su yi.

Yadda za a karanta sanarwar jami'an tsaro

Sanarwar soja da 'yan sandan Najeriya takan ambaci harsasai iri biyu masu lamba ɗaya: "7.62mm special" da "7.62mm NATO". Na farko shi ne gajeren harsashin AK, na biyu shi ne dogon da FAL da G3 da manyan bindigogi masu jigida na ƙirar Yamma ke ci. Ɗaya ba ya aiki a bindigar ɗaya. Idan sanarwa ta ce an ƙwato AK-47 kaɗai amma ta lissafa harsasan NATO masu yawa, akwai alamar wata bindigar da ba ta shigo hannu ba.

Siffar akwati tana nuna irin harsashi, amma ba ta nuna ƙasar da makamin ya fito. Type 56 ta China, da AK ɗin Romaniya da Bulgeriya, da OBJ-006 da kamfanin ƙera makamai na DICON da aka kafa a Kaduna a 1964 ya ƙera, duk akwati iri ɗaya suke ci. Don haka ɗan siyasar da ya dubi hoto ya ce makamin daga ƙasa kaza yake, bai kawo hujja ba tukuna. Hujjar tana kan lambar da aka buga a jikin bindiga, da tambarin masana'anta da shekarar ƙira da ke gindin kwanso. Da irin wannan bin diddigi ne ƙungiyar Conflict Armament Research ta fitar da rahoto a Janairun 2020 kan makaman da aka ƙwato a Kaduna da Katsina da Zamfara. Ta gano wasu sun fito daga rumbunan Libiya da Kwaddibuwa, wasu an yi fasa-ƙwaurinsu daga Turkiyya ta tashar jiragen ruwan Legas, wasu kuma daga rumbunan jami'an tsaron Najeriya kansu.

Gidan harsashi kuwa galibi ba shi da lamba tasa ta kansa. Ɓatansa ya fi ɓatan bindiga sauƙin ɓoyewa, gano mai shi kuma ya fi wuya.

Abin da doka ta ce

Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu take aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa: bindigogi masu sarrafa kansu, bindigogin soja masu cin harsashi irin 7.62 da .303, da ƙananan bindigogin hannu. Kashi na biyu, da Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu, sun haɗa da bindigogin farauta, amma dokar ta cire duk bindigar harbin tsuntsu da ke da wata na'urar sake ɗura kanta. Kashi na uku su ne masu ɗuri ta baki irin bindigar toka, waɗanda lasisinsu ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Idan aka duba da kyau, ma'aunin da aka yi amfani da shi a Brussels a 1890 shi ne dai a nan: harbi nawa makami zai yi kafin mai shi ya dakata.

Wannan ya shafi muhawarar kare kai da ke tasowa duk lokacin da aka kai hari, kamar yadda ta taso a Yunin 2022 da gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga, da kuma bayan hare-haren ƙarshen 2025 a Shanono da Tsanyawa da ke iyakar Kano da Katsina. Abin da doka ta fi sauƙaƙa wa ɗan ƙauye shi ne bindiga mai harbi ɗaya ko biyu, maharinsa kuwa yana ɗauke da talatin a akwati guda. Masu goyon bayan a sassauta dokar suna kafa hujja da wannan tazara. Masu adawa suna nuna cewa akwatin da aka saya don ɗan fashi shi ne zai fito ranar rikicin zaɓe ko na kasuwa.

Wasu ƙasashen sun sa doka kan akwatin kansa. Amurka ta hana ƙera wa farar hula masu cin fiye da goma daga 1994 har dokar ta ƙare a 2004. A New Zealand, maharin da ya kashe mutum 51 a masallatai biyu na Christchurch ranar 15 ga Maris 2019 ya amfana da wani giɓi: bindigoginsa na da lasisi, manyan akwatunan kuma ana sayar da su ba tare da lasisi ba. Cikin wata guda majalisar ƙasar ta toshe giɓin.

Fagge da Sabon Gari sun san bambancin

A watan Mayun 1953, rikicin da ya biyo bayan ziyarar tawagar jam'iyyar Action Group ya ɗauki kwana huɗu tsakanin Fagge da Sabon Gari. Mafi yawan makaman adduna ne da sanduna da kibau. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 36 suka mutu, 241 suka jikkata. A ranar 1 ga Oktoban 1966 kuwa, da sojojin Bataliya ta Biyar suka yi bore, bindigogin gwamnati ne aka juya kan 'yan ƙabilar Ibo a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari, aka yi kisan da har yau ƙasar ba ta gama fuskantarsa ba. A ranar 20 ga Janairun 2012, hare-haren Boko Haram sun ci rayuka aƙalla 185 a yammaci ɗaya. Bama-bamai sun yi tasu ɓarnar, amma harbin da ya biyo baya a kan tituna ya ɗauki sa'o'i. Haka aka yi a Babban Masallacin Juma'a na birni ranar 28 ga Nuwamban 2014, inda 'yan bindiga suka buɗe wa masu gudun tsira wuta bayan fashewar bam.

Darasin 1966 shi ne makamin da ke rumbun gwamnati ma yana buƙatar mai sa ido. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019, wanda ya fito fili a farkon 2022, ya ce makamai 178,459 na rundunar 'yan sanda ba a san inda suke ba, cikinsu har da AK-47 guda 88,078. Rundunar ta ƙalubalanci yadda aka fassara alƙaluman. Ko da kaso ɗaya cikin goma na wannan adadi ne ya tabbata, bindiga kusan 8,800 ke nan, kuma idan kowacce ta tafi da cikakken akwati ɗaya tak, harsasai sun haura 260,000. Ta ɓangaren shigowa daga waje, hukumar kwastam ta kama bindigogi 2,671 a Legas a 2017, sannan a Yulin 2024 ta nuna bindigogi 844 da harsasai 112,500 da ta kama a tashar Onne ta jihar Ribas.

Lamba 30 tana da wani amfani ga mai neman gaskiya: tana sa lissafi ya yi sauƙi. Jami'in da zai fita aiki yana sa hannu a littafin rumbun makamai kan bindiga da adadin harsasan da ya karɓa, kuma ya kamata ya yi bayanin duk wanda bai dawo da shi ba. Bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, ƙungiyar Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohi shida, 12 daga cikinsu a Kano, a Rijiyar Lemo da ke ƙaramar hukumar Fagge da kuma Ƙofar Nasarawa. Rundunar 'yan sanda ta musanta. Tsakanin zargi da musu akwai takardar da za ta iya raba gardama: harsashi nawa aka fitar a kowane ofishi a waɗannan ranaku, nawa aka mayar, kuma wa ya sa hannu. A gaban kwamitin binciken Legas kan harbin Lekki na 2020, irin wannan tambaya ce ta kai ga wani babban hafsan soja ya amince cewa dakarun sun je wurin da harsasai masu rai, ba na gargaɗi kaɗai ba.

Tambayoyin da suka rage

Najeriya ta sa hannu kan yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai da harsasansu, ta kafa cibiyar ƙasa ta kula da su a 2021 a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, aka kuma ba cibiyar ƙarfin doka a 2024. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi bayani, duk da cewa hukumomin tsaro kan fake da sashen da ya keɓe sirrin tsaro. Kwamitocin majalisa da Hukumar Kare Haƙƙin Bil'adama ta Ƙasa suna da ikon neman takardun da ba a ba ɗan jarida ba.

Saboda haka, idan aka sake baje makamai a kan tabarma a hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, akwai abubuwan da ya dace a tambaya kafin a ɗauki hoto a watse. Gidajen harsashi nawa ne, kuma cike suke ko wofi? Wane tambari ke gindin harsasan, na wace shekara, kuma ya yi daidai da wani kaso da gwamnati ta saya? An duba lambobin bindigogin a rajistar makaman da suka ɓata? Bayan an gama shari'a, ina makaman ke zuwa, kuma wa ke shaida an lalata su? Ɗan majalisar da ke wakiltar Fagge a Abuja yana da hurumin gabatar da waɗannan tambayoyi a rubuce, masu zaɓensa kuma suna da hurumin tambayarsa ko ya gabatar.